Kunun gyada a gidan abincin Ingila: amsa ga uwar da aka hana ta ciyar da 'yarta

Wata ƙanwata da ke zaune a Manchesta ta rubuto mini cewa:

"Anti, ranar Asabar mun je wani gidan cin abinci, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ƙaramar watanta 14, na riƙo mata kunun gyada a filas. Yayanta mai shekara 4 na zubo masa shinkafa da miya a 'yar kula, don mu kifi muka saya saboda ba mu amince da naman wurin ba, shi kuma ba ya cin kifi. Ina fara ba ta kunun sai ma'aikaci ya zo ya tambayi abin da ke ciki, na ce gyada. Ya kira manaja, shi kuma ya ce in mayar da komai cikin jaka. Ga wata Baturiya kusa da mu tana bai wa jaririnta abincin kwalba, ba wanda ya ce mata uffan. Wannan ba wariya ba ce? In na kai ƙara zai shafi takardunmu? A kan bizar aikin maigidana nake."

Ƙanwata, sannu. A tsayar da uwa da cokali a hannu, 'yarta ta buɗe baki, jama'a na kallo, wannan abu ne mai ciwo, kuma ban raina ɓacin ranki ba. A can gida, ko bukar bakin tasha kika shiga da filas ɗinki, mai abinci da kanta za ta ɗauraye kofi ta miƙo miki, ta ɗauki yarinyar ta yi mata wasa. Wanda ya tashi cikin haka dole abin da ya faru ya zo masa kamar wulaƙanci.

Batun takardu tukuna, don hankalinki ya kwanta. Ƙorafi a kan gidan abinci magana ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba ruwan hukumar shige da fice da ita. Bizarki da ta maigidanki ba za su girgiza ba don kin rubuta wasiƙar koke. Abin da kan jawo wa mutanenmu matsala shi ne rigimar da ta kai ga zagi da barazana har aka kira 'yan sanda, domin laifin da kotu ta tabbatar yana iya biyo mutum ranar neman izinin zama na dindindin ko neman zama ɗan ƙasa. Ke kuwa kin mayar da filas cikin jaka, ba ki ɗaga murya ba. Kin yi daidai.

A Ingila babu dokar da ta hana shiga gidan abinci da abincin waje, babu kuma wadda ta tilasta wa mai wuri ya yarda. Wurinsa ne, shi ke sa ƙa'ida, muddin bai bambanta mutane saboda launin fata ko addini ko nakasa ba. Abin da dokar daidaito ta 2010 ta kare kai tsaye shi ne shayarwa: ba wanda ya isa ya ce wa mace ta daina bai wa ɗanta nono ko ta fita waje. A Sikotland ma tun 2005 laifi ne a hana ciyar da yaron da bai kai shekara 2 ba madara a bainar jama'a, ko nono ne ko a kwalba. Kunu da shinkafa ba su shiga wannan kariya ba.

Ni a fahimtata, kalma ɗaya ce ta juya lamarin ranar nan, kalmar gyada. Mu gyada abokiyar rayuwa ce. Tana cikin kunu, tana cikin miyar taushe, ƙuli-ƙulinta na cikin yajin tsire, ita ake shafa wa kilishi. A nan kuwa tana cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta wa duk mai sayar da abinci, tun Disambar 2014, ya sanar da mai saye in suna cikin girkinsa. Riɗi na cikin jerin, haka madara, ƙwai, kifi, alkama da waken suya. Akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da gyada ko kaɗan, kuma ba borin jini na ƙaiƙayi kawai nake nufi ba. Maƙogwaro ne ke kumbura, numfashi ya tsaya cikin 'yan mintoci. A 2016 kotu ta ɗaure wani mai gidan abinci a Arewacin Yorkshire shekara 6 bisa laifin kisa ba da gangan ba, bayan ya maye garin almon da garin gyada mai araha a miyarsa, wani mai saye da ya faɗa musu ba ya cin gyada ya ci ya mutu. A 2016 ɗin dai wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Heathrow, akwai riɗi a ciki ba a rubuta ba. Dalilinta aka yi dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta wajabta rubuta duk abin da ke cikin abincin da shago ya naɗe da kansa don sayarwa.

Duk ma'aikacin gidan abinci a ƙasar nan da irin waɗannan labarai ake horar da shi. To ki duba abin daga inda manajan yake tsaye. Yarinya 'yar wata 14 ba ta shan kunu a tsanake. Za ta sa hannu a kofi, ta shafa a kujerar jarirai, ta goga a tebur. Kuna tashi za a zaunar da wani yaron a kujerar nan. In wani abu ya same shi, manajan da mai wurin ne za su amsa tambayoyin jami'an duba tsafta na ƙaramar hukuma da kamfanin inshora, ba ke ba. Abincin kwalbar da kika gani a teburin kusa a rufe ya zo daga kamfani, an rubuta abin da ke ciki a jikinsa, shi ya sa yawancin wurare suke ƙyale shi. Filas ɗinki ba rubutu a jikinsa, da aka tambaya kuma amsar ta zama gyada. Ina da yaƙinin ko Baturiyar ce ta buɗe kwalbar tunkuzar gyada, za a yi mata magana.

Ba ina ce miki babu wariya a Ingila ba. Akwai, kuma masu hijabi sun fi kowa saninta. Ki tuna da kyau abin da aka faɗa miki. In an ambaci launinki ko shigarki ko inda kika fito, ko an yi miki tsawar da ba za a yi wa wata ba, ki rubuta rana da lokaci da kalmomin tun ba ki manta ba, ki aika wa gidan abincin koke a rubuce, ki kuma nemi shawarar Citizens Advice, ƙungiyar da ke bai wa jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, kyauta ce. Wa'adin kai irin wannan ƙara kotu wata 6 ne. In kuwa abin da ya ce bai wuce a mayar da abincin jaka ba, ban ga ƙarar da za ta tsaya ba, kuma ba na so ki ɓata ƙarfinki.

Shinkafar yayanta kuwa, a nan manajan ya fi ki hujja, kuma gara in faɗa miki gaskiya. Yaro mai shekara 4 a wurinsu mai saye ne, ya zauna a kujera, akwai abincin yara a jerin abin da suke sayarwa. Damuwarki da halal tana kan hanya, amma ba ta ɗora musu nauyin karɓar kularki ba. Taliya da miyar tumatir, dankalin turawa, burodi da cuku, da wuya a rasa ɗaya. Ki tambaya ko a mai ɗaya suke soya dankalin da nama, tambaya ce da suka saba ji. Kuma Manchesta ba garin da za a rasa halal ba ne, titin Wilmslow a Rusholme da unguwar Cheetham Hill cike suke da wuraren da ba sai kin yi wannan lissafin ba.

Lamarin yakan sauya in yaro yana da larurar da ta hana shi cin abincin wurin, kamar wanda jikinsa ke ƙin abinci iri-iri sosai, ko yaro mai galhanga da ba ya cin komai sai abin da ya saba. Larura mai tsanani da ta daɗe tana iya shiga ƙarƙashin nakasa a dokar 2010, kuma a nan doka tana neman mai wuri ya yi sassauci daidai gwargwado. Uwar da ke da irin wannan yaro ta karɓi takarda daga likita, ta ajiye hotonta a waya.

Nan gaba ki buga waya kafin ku fita, ko ki faɗa tun a bakin ƙofa kafin a zaunar da ku: "Ina da yarinya 'yar shekara ɗaya, na riƙo mata abincinta, babu gyada a ciki, ba damuwa?" Da wuya a ce a'a ga mai wannan shekarun. Kada ki nemi su ɗumama miki a kicin, wurare da yawa ba sa yarda abincin waje ya shiga can, amma sukan ba da kwanon ruwan zafi ki tsoma naki. Ki riƙo ayaba, ko kunun gero ba gyada, ko abincin kwalba guda ɗaya don irin wannan fita. Kunun gyadar kuma kada ki daina dama mata, abinci ne mai gina jiki kuma tun da ta saba da shi lafiya ba dalilin yanke shi. Ki ba ta ta ƙoshi a gida kafin ku sa takalmi, saura ya jira ta a filas har ku dawo.