Tambaya da Amsa: Ranakun hutu a Maleshiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Maleshiya sarin kaya, kuma ina da takardun da zan bi a ofisoshi. Wane lokaci zan kauce wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka fara sanin jihar da za ka sauka, domin jihohi 13 ne, kowace da nata hutun ban da na tarayya. Hutun mako ma ba ɗaya ba ne. Kedah da Kelantan da Terengganu Juma'a da Asabar suke hutawa, Lahadi ranar aiki ce. Johor ta koma Asabar da Lahadi tun 1 ga Janairun 2025. A Kuala Lumpur, hutun da ya faɗo Lahadi ana rama shi Litinin, na Asabar kuwa ma'aikatan gwamnati ba sa ramawa.

Ga ɗan kasuwa, Sabuwar Shekarar Sinawa ce babbar matsala. Tana zuwa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kwana 2 ne a hukumance, amma manyan diloli da masana'antu da yawa na Sinawa ne, wasu sai su rufe mako guda. Ka kammala ciniki da lodi mako 2 kafin nan, in ba haka ba kayanka su kwana a sito.

Ƙaramar Sallah, wadda suke kira Hari Raya Aidilfitri, ita ma kwana 2 ce. Nan ne ake "balik kampung", wato komawa ƙauye: birni ya zama fayau, babbar hanyar arewa zuwa kudu ta cushe, tikitin jirgin ƙasa na ETS da na bas a tashar TBS su ƙare tun da azumi. Kada ka dogara da kalanda kaɗai. A 2022 an sa ran Sallah 3 ga Mayu, sai aka ga wata, aka yi ta ranar 2. Ka bar rarar kwana ɗaya a tsarinka.

Tambaya: Akwai hutun da ba ya sauya rana?

Amsa: Akwai. Ranar ma'aikata 1 ga Mayu, ranar 'yanci 31 ga Agusta, Ranar Maleshiya 16 ga Satumba, sai Kirsimeti. Bikin haihuwar Sarkin ƙasar Litinin ɗin farko ce ta Yuni. Manyan kantuna a buɗe suke a waɗannan ranaku, bankuna da ofishin shige da fice ne ke rufewa.