Me ya sa masu sharhi suka yi wa fim ɗin Priest kaca-kaca?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na kalli wani fim na Amurka mai suna Priest, inda limaman coci suke yaƙi da dodanni masu shan jini a cikin hamada bayan duniya ta lalace. Ni dai ya burge ni, musamman faɗan da aka yi a kan jirgin ƙasa. Da na leƙa intanet sai na tarar masu sharhin fina-finai sun yi masa ca, da ƙyar ka ga mai yabonsa. Shin ni ne ban san fim ba, ko kuwa su ne suka zalunce shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba rashin sanin fim ne ya sa ka ji daɗinsa ba, su ma kuma ba su yi masa ƙazafi ba. Abin da ya burge ka yana nan a cikin fim ɗin, abin da suka ce babu kuwa da gaske babu shi.

Priest ya fito a sinimun Amurka ranar 13 ga Mayu, 2011. Scott Stewart ne ya ba da umarni, Paul Bettany ya fito a matsayin limamin, Karl Urban ya zama bos mai baƙar hula, sai Maggie Q da Lily Collins da Cam Gigandet da dattijo Christopher Plummer. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhi, kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka yaba masa, Metacritic, wani shafin irinsa, kuma ya ba shi maki 41 cikin 100. A kasuwa ma bai yi abin kirki ba. An kashe masa kimanin dala miliyan 60, ya tara wajen miliyan 78 a duniya baki ɗaya, kuma kusan rabin kuɗin tikiti masu gidajen sinima ne suke riƙewa, ban da abin da aka zuba wajen talla. A makonsa na farko ya zo na huɗu, a bayan Thor da Bridesmaids da Fast Five.

Babban ƙorafin da aka fi maimaitawa shi ne komai na fim ɗin aro ne. Biranen nan masu duhu da hayaƙi da manyan allunan talabijin sun tuna wa mutane Blade Runner, hamada da gudun babura sun tuna musu Mad Max, ƙauyuka da ɗan sandan ƙauye da baƙar hula kuwa daga finafinan kaboyi aka kwaso su. Ni a wajena aro ba laifi ba ne, domin babu fim ɗin da bai ɗebi wani abu daga na gabansa ba. Matsalar ita ce abin da ya aro mafi daraja shi ne wanda ya fi wulaƙantawa.

Ƙashin bayan labarin daga The Searchers ya fito, fim ɗin kaboyi na John Ford na 1956, wanda John Wayne ya ja. A can, wani tsohon soja ne yake shafe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da aka sace, kuma a hankali mai kallo yake gane cewa mutumin nan in ya same ta kashe ta zai yi, don yana ganin ta riga ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka sace ta. Wannan fargaba ce take riƙe zuciyar mai kallo har ƙarshe. Priest ya ɗauki wannan tsari kamar yadda yake: an sace Lucy, wadda aka nuna a matsayin 'yar ɗan'uwan limamin, shi kuma ya saɓa wa shugabannin coci ya fita nemanta, ya kuma faɗa wa saurayinta Hicks cewa in ya tarar cutar masu shan jini ta kama ta, zai kashe ta. Daga baya ma aka bayyana cewa Lucy 'yarsa ce ta cikinsa. Ka duba nauyin wannan magana: uba ya sadaukar da iyalinsa don yaƙi, an gama yaƙi an yi watsi da shi, yanzu kuma yana tafe da niyyar kashe 'yarsa da hannunsa. Wannan kaɗai ya isa fim. Amma a cikin mintuna 87 da fim ɗin yake da su, an faɗi maganar a baki an wuce, an koma faɗa. Babu wurin da aka tsaya aka bar mu mu ga abin yana cin mutumin nan, kuma ban yi zaton akwai mai kallon da ya taɓa yarda zai iya kashe ta ba. Bettany jarumi ne mai iyawa, amma abin da aka ba shi bai wuce ɗaure fuska da magana ƙasa-ƙasa ba.

Haka aka yi wa batun cocin. An gina duniyar da malaman addini suke mulki da tsoro, suna cewa saɓa musu saɓa wa Ubangiji ne, suna musanta cewa abokan gaba sun dawo don kada mulkinsu ya girgiza, sannan mayaƙan da suka ceci jama'a sun koma ƙananan ayyuka mutane suna ƙyamarsu. Akwai abin faɗa sosai a nan game da tsofaffin sojoji da kuma masu fakewa da addini, sai fim ɗin ya mai da shi ado kawai. Kamar babbar riga ce da aka ƙawata wuyanta da aiki aka manta ba a ɗinke gefenta ba.

Su kansu dodannin sun rage wa fim ɗin ƙarfi. An yi su marasa idanu, masu tsalle kamar namun daji, ba sa magana, kuma da kwamfuta aka ƙirƙire su. Abin da ba shi da fuska ba shi da wayo ba ya daɗewa yana ba da tsoro. Ga shi kuma an tsara fim ɗin yadda matasa za su iya shiga kallo, don haka aka rage jini. Karl Urban ne kaɗai mugun da yake da rai a jikinsa, kuma bai sami isasshen fili ba.

Akwai dalilai biyu da suka ƙara wa masu sharhi zafi waɗanda kai ba su shafe ka ba. Na farko, an ɗage fitowar fim ɗin daga 2010, kuma an mai da shi 3D ne bayan an gama ɗauka. Tabarau na 3D yana rage hasken hoto, fim ɗin kuwa da ma a duhu yake, ga tikiti ya ƙara tsada. Wanda ya kalla a waya ko talabijin bai sha wannan wahalar ba. Na biyu, shekara guda kafin nan Stewart da Bettany sun yi Legion, shi ma ya sha suka, saboda haka mutane sun shiga sinima da guntun haushi. Masu son littafin zanen da aka ɗauko sunan daga cikinsa, na ɗan Koriya ta Kudu Hyung Min-woo, su ma sun fusata, domin a littafin jarumin da fanɗararrun mala'iku yake yaƙi, kuma fim ɗin ya sauya kusan komai.

Inda nake ganin an rage masa haƙƙi shi ne wajen kyan hoto. Gabatarwar zane mai motsi da Genndy Tartakovsky ya yi, wadda ta ba da tarihin yaƙin cikin 'yan mintuna, aiki ne na gwani, kuma ko masu sukar fim ɗin da dama sun yaba mata. Farar hamadar da babura suke ratsawa, da zanen gicciye a fuskokin limaman, da faɗan jirgin ƙasan da ka ambata, duk an yi su da kulawa. Mai sharhin da ya kalli ɗaruruwan finafinai yana gane tushen kowane yanki nan take, sai abin ya gundure shi. Wanda bai ga waɗancan ba kuwa sabon abu yake gani, kuma jin daɗinsa na gaskiya ne.

An rufe fim ɗin da nuna cewa sarauniyar dodannin tana raye kuma yaƙi yanzu ya fara, alamar ana shirin kashi na biyu, amma cinikin da aka yi bai ba da damar yin sa ba. In kana son ganin irin wannan duniya a hannun waɗanda masu sharhi suka yaba wa, nemi Stake Land na Jim Mickle, na 2010, wanda aka yi da kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba, ya kuma ci kyautar 'yan kallo a sashen finafinan tsakar dare na bikin baje kolin finafinai na Toronto. Sai kuma Near Dark na Kathryn Bigelow, na 1987, wanda ya haɗa masu shan jini da salon kaboyi tun kafin Priest da shekara 24.