Tambaya da Amsa: Na hau Afadjato, zan iya Kilimanjaro?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi, duk Lahadi ina buga ƙwallo, bara mun hau dutsen Afadjato na yankin Volta da abokaina na riga kowa kaiwa sama ko haki ban yi sosai ba. Yanzu dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya nake so, na ga akwai hawa na kwana 5 akwai na kwana 8, ni dai na 5 zan ɗauka don ya fi araha kuma ƙarfi na nan alhamdulillahi. Me zan riƙe? Sannan alwala fa cikin sanyin nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara lafiya, amma ka aje maganar ƙarfin nan tukuna. Afadjato ko mita 1,000 bai kai ba, ka hau da safe ka sauko ka ci abincin rana a Hohoe. Kilimanjaro mita 5,895 ne, Kumasin da kake kwana kuwa ko mita 300 ba ta kai ba. Can ƙololuwa duk numfashin da ka ja kusan rabin oksijin da ka saba samu a gida ne ke shiga jikinka. Daga wajen mita 2,500 ciwon tudu ke soma kama mutane, ciwon kai, tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita ranka, kuma ciwon nan ba ruwansa da ƙwallon da kake bugawa, hasali ma irinku masu son riga kowa kun fi shiga hatsari saboda gaggawa. Shi ya sa jagororin can ba su da magana sai "pole pole", da Swahili sannu sannu ke nan. Mu ma ai mun ce sannu ba ta hana zuwa.

Don haka kwana 5 ɗin nan ban ba ka goyon baya ba. Hanyar Marangu ce, ana kwana a ɗakuna, amma jiki bai samun lokacin sabawa. Likitoci na cewa in ka wuce mita 3,000 kar wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Hanyar Machame kwana 7 ko ta Lemosho kwana 8, a tanti, sun fi kusa da wannan ƙa'idar. Gara ka ƙara tara sidi ko da shekara guda ne, da ka biya jirgi har Tanzaniya a sauko da kai a rabin hanya. In kuma ka ga kana tangaɗi kamar mashayi, ko kana haki alhali zaune kake, ko tari mai kumfa, ka sauka ko tsakar dare ne, ba a jiran safiya.

Ga wanda mutanenmu ke mantawa, gwajin sikila. Ko AS ne kai baka taɓa ciwo ba, ƙarancin oksijin na iya taɓa maka saifa, je ka ga likita kafin ka biya ko kwabo. Katin rigakafin shawara ma riƙe shi, daga Ghana za ka fito, za a nema.

Kaya kuwa, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, daren hawa ƙololuwa da tsakar dare ake tashi, ruwan gorarka ma sai ya daskare. Kar ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Rigunan sanyi uku bisa juna, safar hannu, hula, tocilan ta goshi, gwanjon Kejetia zai rage maka kuɗi. Takalmi kam saya tun yanzu ka riƙa yawo da shi har ya saba da ƙafarka. Jakar barci ana haya a Moshi, garin da ke gindin dutsen. Jagora dole ne, doka ce, kuma ka ware kuɗin sallamar masu dako daban. Dabino da ƙuli-ƙuli ka zuba a aljihu.

Alwala da sauƙi, matafiyi ne kai akwai kasaru, a sansani kuma ana ba da ruwan ɗumi safe da yamma. Ranar da ruwa zai cuce ka akwai taimama, sauran bayani ka tsaya wajen limaminku bayan magariba.