Amsa ga mai neman tarihin kakansa da ya je yaƙin Bama

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce a gidanku ana faɗin kakanka hafsa ne a sojan Turawa, ya je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu), kuma kana son hujja a rubuce. Na yi irin wannan nema a kan nawa kakan, ya ci mini kusan shekara uku.

Kada ranka ya ɓaci da abin da zan fara faɗa: in dai a yaƙin Bama ne, da wuya a ce hafsa ne mai anini a kafaɗa. A lokacin Turawa ne hafsoshin rundunar RWAFF, wato sojan Ingila na Afirka ta Yamma. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa, wato Louis Ugboma, sai Wellington Bassey a 1949, mai lamba N/1. Zakariya Maimalari da Umar Lawan sai 1953 suka fito daga Sandhurst, makarantar hafsoshi ta Ingila. Yaƙi kuwa ya ƙare tun 1945. Mu ma "Kyaftin" muke kiran namu, har a bakin maroƙa ranar biki. Ashe samanja ne. Ba kuwa ƙaramin abu ba ne, don samanja shi ke riƙe da kamfanin sojoji, Bature ma da shi yake jin abin da sojoji ke ciki. Ka dubi Chari Maigumeri: yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk ya yi, samanja ne, sai da zai yi ritaya aka ba shi kyaftin na girmamawa, ga shi har yau barikin Lakwaja da sunansa ake kira.

Ka fara daga gida kafin ka taɓa intanet. Ni a ɗakin goggona na samu bakin zaren, cikin tsohuwar adakar ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaura su tun auren fari. An naɗe wani ɗan littafi a tsumma, gara ta ci gefensa: takardar sallamarsa ce. Akwai lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da ranar da aka ɗauke shi. Tare da ita akwai tauraro mai tsini shida, ƙyallensa shuɗi da ja da ruwan lemo, wato Burma Star. Na juya bayansa ina neman suna, wayam. Haka aka raba su ba suna. Saboda haka lambar sojan nan ita ce komai. Ka zauna da tsofaffin mata na gidan, su ne masu ajiya, kuma ka tafi da goro.

Matsalar suna ita ta fi ba ni wahala. Akawun bariki yakan rubuta sunan mutum da na garinsu ne, ba na mahaifinsa ba, kuma yadda kunnensa ya ji: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu. Wasu ma da gangan suka ba da sunan ƙarya don sun gudo ne ba da sanin iyaye ba. Namu da sunan garin da aka ɗauke shi kurtu aka rubuta shi, ba garin da aka haife shi ba, na yi wata shida ina neman mutumin da babu shi.

In ka samu bataliya, sauran da sauƙi. Runduna ta 81 ita ta shiga kwarin Kaladan, ta 82 ta biyo baya ta Arakan, suka haɗu wajen Myohaung a Janairun 1945. Birged ta 3 kuma an ware ta tun 1943 ga Chindit, wata rundunar musamman, ta yi yaƙi da ita a 1944, sunan da barikin Zariya ya gada. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew tana da littattafan yaƙi na kullum a jerin WO 172, sai dai ba kasafai suke ambatar baƙar fata da suna ba. Za ka ga inda bataliya ta kwana, ba za ka ga kakanka ba. Jerin WO 373 ya fi amfani in an ba shi lambar jarumta, don akwai bayanin abin da ya yi. In can ya rasu, shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth kyauta ne, sunaye da yawa suna jikin bangon tunawa na Taukkyan kusa da Rangun.

In kuwa ya ci gaba da aiki har bayan 'yancin kai, ko ya samu anini a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kamar yadda ƙananan sojoji da yawa suka samu, to maganar hafsa na iya zama gaskiya. Na kafin 1960 ka duba London Gazette, na baya kuma gazet ɗin gwamnatin tarayya da hukumar fanshon soja a Abuja. Ka leƙa ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ofishin 'yan mazan jiya na jiharku. Ni dai wani ofishi sau huɗu ina zuwa ana ce mini mai makulli ya fita, sai wani dattijo mai gadi ne ya karanta mini gajerun haruffan da ke takardar, don mahaifinsa ma Bama ya je.

Ka tambayi gida shekarar da ya dawo da kuma ko ya ci fansho, ka faɗa mini, sai mu san ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.