Kun Tambaya, Mun Amsa: Gwamnan da Ya Ci Zaɓen Fidda Gwani da Ƙarancin Ƙuri'a

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Azare: Na ji an ce a Amurka an taɓa yin zaɓen fidda gwani na gwamna inda wanda ya fi kowa ƙuri'a ya faɗi, kuma wai ba maguɗi aka yi a ƙidaya ba. Ta yaya haka za ta yiwu?

Amsa: Malam, an yi, a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, ranar 17 ga Yuli, 1946, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat. James Carmichael ya samu ƙuri'a 313,389, Eugene Talmadge ya samu 297,245. Da ratar sama da dubu goma sha shida a hannun Carmichael, Talmadge aka ba tuta.

Dalilin yana cikin tsarin ƙidayar da dokar jihar ta 1917 ta tabbatar. Ba kan mutane ake ƙirgawa ba, makin gunduma ake ƙirgawa. Jihar na da gundumomi 159. Takwas mafiya yawan jama'a, kowacce maki shida, jimla 48. Talatin da ke bin su, kowacce maki huɗu, jimla 120. Sauran 121, kowacce maki biyu, jimla 242. Idan ka haɗa za ka samu 410, kuma da 206 ake cin zaɓe. Duk wanda ya zo na ɗaya a gunduma, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe makinta gaba ɗaya.

Duba lissafin da kyau. Ƙananan gundumomin nan 121 su kaɗai sun isa su tsayar da ɗan takara, ko da babu mutum ɗaya da ya zaɓe shi a birnin Atlanta. Shi ya sa Talmadge bai damu da birane ba, ƙauyuka ya bi. Ya tashi da maki fiye da 240, Carmichael bai kai 150 ba. Ƙuri'un da Carmichael ya tara a birni, bayan sun ba shi maki shida na gundumar, sauran sun zama hasara.

Rashin adalcin ya ƙara fitowa da birane suka girma. A ƙidayar jama'a ta 1960, gundumar Fulton, inda Atlanta take, na da mutum fiye da dubu ɗari biyar da hamsin da maki shida. Gundumar Echols ba ta kai mutum dubu biyu ba, da maki biyu. Ke nan mutum ɗaya a Echols yana daidai da kusan mutum 99 a Fulton. A kan wannan Kotun Ƙolin Amurka ta soke tsarin a 1963, ta ce ƙuri'ar kowa nauyinta ɗaya.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Kumo: To ai fidda gwani ne kawai. Me ya hana mutanen birni su rama a babban zaɓe?

Amsa: 'Yar'uwa, ba wanda za su zaɓa. A kudancin Amurka na wancan lokaci jam'iyyar Rifablikan ba ta da ƙarfi, a Jojiya ko ɗan takarar gwamna ba ta tsayar ba a 1946. Wanda ya samu tutar Dimokurat ya riga ya zama gwamna, zaɓen Nuwamba cika sharaɗi ne.

Masu mulki sun san haka, shi ya sa suka kai shingensu can. Jam'iyyar ta ce ita ƙungiya ce mai zaman kanta, fararen fata kaɗai za su yi mata fidda gwani. Baƙar fata na iya zuwa babban zaɓe, bayan an gama komai. Kotun Ƙoli ta rushe wannan dabara a 1944 a wata shari'a daga jihar Tekzas, sannan wani baƙar fata mai suna Primus King ya yi nasara a kotu kan jam'iyyar a Jojiya. Fidda gwanin 1946 shi ne na farko da baƙar fata suka shiga da yawa, fiye da dubu ɗari suka yi rajista. Talmadge ya yi yaƙin neman zaɓensa a kan alƙawarin maido da wariyar, magoya bayansa kuma suka bi gunduma gunduma suna ƙalubalantar sunayen baƙar fata a rajista, aka goge dubbai. Inda ake kwashe maki da ƙaramar rata, goge suna ɗari biyu a ƙaramar gunduma ya fi sayen ƙuri'a dubu goma a birni tasiri. Don haka ko da ƙidayar ranar zaɓe ta tafi daidai, an riga an taɓa rajista.

Tambaya, daga wani dattijo ɗan kasuwa a Wunti, Bauchi: An ce wannan Talmadge bai hau kujerar ba. Me ya faru, kuma da a nan ne, me doka ta ce?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, bai hau ba. Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1946, kafin a rantsar da shi, jihar ta wayi gari da mutum uku kowa na cewa shi ne gwamna.

Makusantansa sun san ba shi da lafiya, sai suka yi tanadi. Tsarin mulkin jihar ya ce idan babu wanda ya samu rinjaye, majalisar dokoki ce za ta zaɓa tsakanin mutum biyu mafiya ƙuri'a. A Amurka kuma mai zaɓe na iya rubuta sunan wanda ba ya kan takarda da hannunsa. Sai aka sa wasu 'yan ɗaruruwa suka rubuta sunan ɗansa, Herman Talmadge, a babban zaɓen Nuwamba. Da majalisa ta ƙirga a Janairun 1947, Herman ya zo na uku a cikin waɗanda aka rubuta. Nan take aka fito da wasu ƙuri'u hamsin da wani abu daga Telfair, gundumar gidansu, ya koma na ɗaya da 675, majalisa ta zaɓe shi cikin dare. Daga baya wata jarida a Atlanta ta gano cewa akwai matattu a cikin sunayen masu waɗannan ƙuri'u.

Gwamna mai barin gado, Ellis Arnall, ya ƙi miƙa masa ofis. Mutanen Herman suka canza makullan ƙofa. Melvin Thompson, wanda aka zaɓa mataimakin gwamna, ya ce gadon nasa ne, Arnall ya sauka ya mara masa baya. A watan Maris na 1947 Kotun Ƙolin jihar, da alƙalai biyar a kan biyu, ta ba Thompson riƙo har a sake zaɓe. Aka sake a 1948, Herman ya ci. Tushen rikicin shi ne sabon tsarin mulkin 1945 ya ƙirƙiro kujerar mataimaki amma bai faɗi abin da za a yi ba idan zaɓaɓɓen gwamna ya mutu kafin rantsuwa.

Mu an toshe mana wannan kafa. Sashe na 181 na tsarin mulkin 1999 ya ce a rantsar da zaɓaɓɓen mataimaki, shi kuma ya zaɓi mataimakinsa da amincewar majalisar jiha. Kafar da ta ba mu wahala ita ce mutuwa ana tsakiyar zaɓe, kamar rasuwar Abubakar Audu a Kogi a Nuwamban 2015, lokacin da INEC ta ce zaɓe bai kammala ba. APC ta ɗauko Yahaya Bello, wanda ya zo na biyu a fidda gwani, ta bar abokin takarar Audu, aka je har Kotun Ƙoli. Dokar Zaɓe ta 2022 ta zo ta ce a irin wannan hali abokin takara ne zai ci gaba.

Tambaya, daga wani sakataren jam'iyya na mazaɓa a Dukku: Zaɓen daliget da muke yi, ba irin na Jojiya ba ne?

Amsa: Malam sakatare, da kama, kuma kamar ta fi yadda mutane ke zato. A 2022 APC ta ba kowace mazaɓa daliget biyar a zaɓen gwamna, PDP ta ba da uku. Gombe na da mazaɓu 114, ke nan mutum 570 a nan, 342 a can, su ne suka tsayar wa jiha guda ɗan takara. Mazaɓa mai cunkoso irin Pantami da mazaɓar ƙauye mai 'yan tsirarun 'yan jam'iyya, adadinsu ɗaya. A takarda kowane daliget ƙuri'arsa tasa ce. A aikace, ɓangaren da ya rinjayi taron mazaɓa shi ke rubuta sunaye biyar ɗin duka, wato dai kwashe maki.

Saboda haka ranar taron mazaɓa ita ce ranar zaɓe, kuma a nan abubuwa ke lalacewa. Ko ba a yi taron ba sam a rubuto sunaye daga otal, ko a yi shi a canza takardar a hanyarta ta zuwa hedkwata. Maganinsa a hannunku yake: a cike takardar sakamako a wurin, wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu ya karɓi kwafi, a ɗauki hotonta, a tabbatar jami'in INEC ya halarta. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya sanar da INEC kwana 21 kafin taron. Idan maslaha za a yi, sai da rubutacciyar amincewar duk 'yan takarar da aka tantance, mutum ɗaya ya ƙi, ta rushe. Wanda aka zalunta kuma kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba shi ya shigar da ƙara, in ya wuce ko da gaskiyarsa ta tafi. Akan yi wa dokar zaɓe gyara, don haka kafin kowane taro a nemi wadda ke aiki a karanta. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Zamfara: a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un APC saboda ba ta yi fidda gwani na halal ba, kujerar gwamna ta koma PDP.

A babban zaɓe kuwa tsarinmu ya fi na tsohuwar Jojiya. Dole ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Ɗan takara mai lura yana lissafin 14 cikin 20 a Bauchi, 8 cikin 11 a Gombe. Sharaɗin yana kare ƙauye ba tare da ya danne mai rinjaye ba.

Tambaya, daga Misau: Mu wa muka zaɓa gwamna a wancan zamani?

Amsa: Ba kowa, ɗan'uwa. A shekarun 1950 Bauchi lardi ce a Jihar Arewa, gwamna Bature ne da ake naɗowa, Firimiya kuma daga majalisa yake fitowa, Sardauna Ahmadu Bello tun 1954. Zaɓen 1951 ma hawa hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a hawa na ƙarshe. NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano, amma ba ta samu kujera ko ɗaya a majalisa ba. An ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, zaɓaɓɓen gwamnanta na farko shi ne Abubakar Tatari Ali na NPN a 1979. Gombe ta fita a 1996, ta zaɓi Abubakar Habu Hashidu a 1999.