Mai shan jinin da ke yawo da rana

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, barci ya sace ni kafin in amsa. Kin ce kina rubuta labarin mai shan jini, irin wanda Turawa ke kira vampire, kin sa shi yana fita da rana tsaka, yana cin miya mai tafarnuwa, yana ganin fuskarsa a madubi. Sai wata mai karatu ta ce kin ɓata asali, wannan ba shi ba ne. Kina so ki san iya inda marubuci zai iya canza abin.

Da ni ce, da sai in tambayi mai karatun nan: wane asalin take nufi? Don yawancin abin da muke ɗauka doka ce ta kaka da kakanni, marubuta da masu shirya fim ne suka ƙaga shi, wani ma bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba.

A shekarar 1725, a wani ƙauye mai suna Kisiljevo a ƙasar Sabiya, wani manomi da ake kira Petar Blagojević ya mutu. Cikin kwana takwas mutum tara suka bi shi, kowanne kafin ya cika yana cewa mamacin ne ya zo da dare ya danne shi yana shaƙe masa wuya. Matarsa ma ta ce ya dawo gida yana neman takalmansa. Mutanen gari suka tasa jami'in gwamnatin Ostiriya, wadda ke mulkin yankin a lokacin, suka tone kabarin a gabansa, suka soke gawar da tsinin itace, suka ƙone ta. Bayan 'yan shekaru aka sake irin haka a wani ƙauyen, kan wani tsohon soja Arnold Paole, har likitocin soja suka rubuta rahoto a 1732. Ta wannan rahoton ne kalmar vampire ta bazu a jaridun Turai.

To ki dubi kamannin wanda suka tono. Ba attajiri ba ne, ba kyakkyawa ba ne, ba shi da fada a kan dutse. Talaka ne a cikin likkafaninsa, ya kumbura, fuska ta yi jajur, jini na tsiyaya a gefen baki, farce kamar ya ƙara tsawo. Yau likitoci sun san dalili: gawa in ta fara ruɓewa iska ce ke kumbura ta, ta turo ruwan ciki ta baki da hanci, fata kuma ta ja baya sai farce da gemu su yi kamar sun fito. Nishin da suka ce gawa na yi in an soke ta, iskar ce ke fita ta maƙogwaro. Kuma danginsa da maƙwabtansa yake fara bi, ba baƙuwar budurwa a wani birni ba.

Daga nan marubuta suka karɓe shi, kowa ya ɗora nasa. John Polidori a 1819 shi ya cire masa likkafani ya mai da shi basarake mai shiga taron manya yana yaudarar mata. Bram Stoker a littafinsa Dracula na 1897 ya tattara wasu tsofaffin camfe-camfe irin su tafarnuwa, ya ƙara da nasa, ciki har da rashin gani a madubi da ya zama ruwan dare bayansa. Ga kuma abin da zai ba ki dariya: Dracula na cikin littafin yana fita da rana. An gan shi a titin Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Ba ma da tsinin itace aka kashe shi ba, da wuƙaƙe ne. Mutuwa da hasken rana fim ɗin Jamus mai suna Nosferatu na 1922 ne ya kawo ta. Fim ɗin kansa daga littafin Dracula aka ɗauko shi ba da izini ba, matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafe-kwafensa, wasu ne suka tsira. Kin ga dokar da mai karatunki ke karewa daga kayan da kotu ta haramta ta fito. A 2005 marubuciya Stephenie Meyer ta zo ta sa fatar masu shan jinin littafinta tana ƙyalli a rana, wasunsu ma jinin dabbobi suke sha. An zage ta ba kaɗan ba, littafin kuma ya sayu kamar me.

Saboda haka rana da madubi da tafarnuwa duk naki ne, ki yi yadda kika ga dama da su. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Bari in ba ki labarin inda ni na faɗi.

Shekarun baya na taɓa rubuta irin wannan labarin, ina sakin shafi ɗaya kullum bayan isha'i. Nawa ɗan kasuwa ne, mai kuɗi, mai kyau, ya shekara ɗari uku a duniya. Don ina son shi, sai na cire masa duk wani rauni. Rana ba ta masa komai, ƙarfe ba ya cin sa, jini ma sai in ya ga dama yake sha. Farko sharhi kamar ruwan sama. Muna kaiwa wajen shafi na ashirin sai shiru ya fara yawa. Wata baiwar Allah ta rubuto layi ɗaya tak: "Wai shi wannan mutumin me yake tsoro?" Na daɗe ina kallon wayar, fanka na juyawa, shayina ya huce, ban sami amsa ba. Washegari cikin ruɗu na ƙirƙiro masa rauni, na ce ba ya iya tsallake ruwa mai gudu, wanda dama akwai shi a tsohon camfin. Ko awa ɗaya ba a yi ba wani ya ɗauko hoton shafi na shida ya turo, inda mutumin nawa ya bi ta kan gadar Kaduna a mota yana sauraron rediyo. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Labarin nan har yau yana nan ban ƙarasa shi ba.

Masu karatu ba su taɓa yi mini faɗa don na saɓa wa Stoker ba. Sun yi mini faɗa ne da na saɓa wa kaina. In kin ce a shafin farko yana fita da rana, to kada rana ta ƙone shi a shafi na arba'in don kin rasa yadda za ki kashe shi. Kuma duk raunin da kika cire, ki sa wani a madadinsa tun da wuri.

Akwai dai abu biyu da a ganina in kika taɓa su, sunan ya tashi daga kansa. Ya mutu amma bai kwanta ba, sannan zamansa a duniya daga jikin masu rai yake cirowa. Daga manomin Sabiya har na Meyer mai ƙyalli, ba wanda ya kuɓuce wa ƙishirwar nan. In naki yana iya rayuwa da tuwo kawai, ba wanda ke cutuwa don shi ya kwana, to mutum ne mai tsawon rai, ki nemo masa wani suna.

Ba ki faɗi inda labarin ke faruwa ba. In a Turai ne, ba matsala. In kuwa Kano ko Zariya kika kawo shi, sai kin yi tunani. Akwatin gawa da yake kwana a ciki, da gicciye, da ruwan coci, duk kayan ƙasar Kirista ne. Mu kuwa a ranar ake yi wa mamaci sutura a kai shi, ba akwati. Wasu sai su ɗauke gicciye kawai su sa ayoyi a wurinsa, ni dai wannan ba na son sa, wasa da abin da ba na wasa ba ne, kuma za ki sha tambaya kan mamaci da ya dawo. Baƙo ya fi sauƙi: wanda ya zo daga can da ƙaddararsa, ya sauka a garin da ba wanda ya san maganinsa.

Kada kuma ki kira shi maye don neman sauƙi. Maye a camfinmu rayayye ne, maƙwabci ne, kurwa yake kamawa, ana cewa a nono ake sha ko a sayi ƙanƙara, kuma akan tilasta masa ya tsallaka marar lafiya. Ba mamaci ba ne, ba ruwansa da cizon wuya. Ga shi kuma zargin maita har gobe yana sa a daki tsofaffi a ƙauyuka, sai a yi hattara da yadda ake zana shi.

Tunda kin cire rana da madubi, ga wani tsohon rauni da fina-finai suka kusa mantawa da shi. A wasu yankunan gabashin Turai akan watsa ƙananan ƙwayoyi a kan kabari ko a bakin ƙofa, har da gero, don an yarda mai shan jini ba ya iya wucewa sai ya tsuguna ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye. Ki yi tunanin attajirin naki da shaddarsa, durƙushe a zauren wani gida, yarinya ta kifar da mudun gero da gangan, shi kuma ya kai dubu huɗu da wani abu, ga masu zuwa masallacin asuba sun fara buɗe ƙofofi.

In kin rubuta shafin da ya fara shan jinin wani, ki turo mini ta akwatin sirri in duba miki.