Littafin da fim ɗin ba abu ɗaya ba ne: amsa kan labaran zargi da "wane ne ni?"

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ka kalli Blade Runner da Total Recall, an ce maka daga rubutun mutum ɗaya aka ɗauko su, kana son sanin da wane littafi za ka fara, da kuma dalilin da ya sa masu karatu ke cewa finafinan sun canza labarin. Ka sani tun yanzu dole in tona ƙarshen wasu labaran, don ba a iya bayanin wannan fanni sai da hakan.

Marubucin shi ne Philip K. Dick, Ba'amurke, an haife shi a 1928, ya rasu a watan Maris na 1982, kusan wata huɗu kafin Blade Runner ya shiga sinima. Ya bar littattafai sama da 40 da gajerun labarai sama da 100. Kusan duk tambaya biyu yake juyawa: abin da nake gani gaskiya ne, kuma ni ɗin da nake gani, ni ne? Matsalar masu fim daga nan ta taso. Zargi a cikin kai yake zaune. Marubuci na iya shigar da kai cikin ƙwaƙwalwar mutum ka ji yana tantamar matarsa, yana tantamar abin da ya tuna jiya. Kyamara kuwa fuska kawai take ɗauka. Darakta sai ya nemo wani abu da ido zai gani ya ɗora masa wannan tantamar, in bai samu ba ya cike gurbin da gudu da harbi. Da wannan ma'aunin nake auna kowane fim a nan.

Bari mu fara da Do Androids Dream of Electric Sheep? na 1968, tunda ka san fim ɗinsa, wato Blade Runner. Rick Deckard na littafin ba gwauron da ka gani a fim ba ne. Magidanci ne a San Faransisko, yana da mata, yana kiwon tunkiyar lantarki a saman bene yana ɓoye wa maƙwabta cewa ba ta gaske ba ce, domin bayan yaƙin nukiliya dabbobi sun kusa ƙarewa, mallakar mai rai ta zama abin mutunci. Kuɗin da zai samu in ya kashe mutum-mutumi shida masu kama da ɗan Adam sak da suka gudo daga duniyar Mars, dabba ta gaske yake so ya saya da su. Fim ɗin ya zubar da wannan gaba ɗaya, ya zubar da addinin Mercer da akwatin da mutane ke riƙewa su ji raɗaɗin juna, ya mayar da labarin Los Anjeles ta 2019.

Asarar da ta fi yi mini ciwo ita ce babin ofishin 'yan sanda na bogi. An kama Deckard an kai shi wata hedikwata da bai taɓa sanin da ita ba a garin da yake aiki. Ba wanda ya san shugabansa. Ya buga waya gidansa, wata mace da bai taɓa gani ba ta ɗauka. Shafuka kaɗan ne, amma kai mai karatu sai ka fara tunanin ko shi ne mutum-mutumin da aka dasa wa tunanin ƙarya. A wurin ya haɗu da wani maharbi, Phil Resch, mai kisa ba ko gezau, wanda shi ma ya fara zargin kansa. Aka yi masa gwajin da ake bambance mutum da mutum-mutumi da shi, ya fito mutum. Wato ana iya zama ɗan Adam cikakke kuma babu tausayi a zuciya, alhali tausayin ne gwajin yake nema.

Gwajin shi ne abin da Ridley Scott, daraktan Blade Runner, ya riƙe, kuma ya yi daidai da ya riƙe shi. Na'urar tana lura da motsin ƙwayar ido da yadda jini ke tasowa a fuska yayin da ake jefa tambayoyi kan cutar da dabba: an ba ka kyautar walat na fatar maraƙi, yaro ya nuna maka malam-buɗe-littafin da ya kashe ya tara, zanzaro ya sauka a hannunka. Ba amsar baki ake bi ba, jinkirin jiki ake aunawa. A fim an ce tambaya 20 zuwa 30 ke isa a gane mutum-mutumi, amma Rachael, ma'aikaciyar kamfanin da ke ƙera su, sai da aka yi mata sama da 100, saboda ita kanta ba ta san ko mece ce ita ba. Ka ga an samu abin da kyamara za ta nuna.

Wajen kallo ka kula da zubin da ka samu, don nan mutane ke ruɗewa har su yi ta gardama alhali ba fim ɗaya suka gani ba. Na sinima na 1982 yana da muryar Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Deckard, tana bayani a bayan fage da ƙarshe mai daɗi da kamfani ya sa aka liƙa. Na 1992 ya cire su duka biyu, ya ƙara mafarkin doki mai ƙaho ɗaya, wanda in ka haɗa shi da ɗan dokin takarda da ɗan sanda Gaff ya bari a ƙofar Deckard sai ka fara zargin wani ya san abin da ke cikin mafarkinsa. Na 2007, wanda ake kira Final Cut, shi ne wanda darakta ya tace yadda yake so. Shi za ka nema.

Total Recall daga gajeren labari ne na 1966, We Can Remember It for You Wholesale, wanda za ka gama a zama ɗaya. Douglas Quail ƙaramin akawu ne da ba shi da kuɗin zuwa Mars, ya je kamfanin da ke dasa wa mutum tunanin tafiyar da bai yi ba, sai ma'aikata suka tarar ya riga ya je, an goge masa ne. Fim ɗin Paul Verhoeven na 1990 ya bi labarin na ɗan lokaci sannan ya kama hanyarsa da Arnold Schwarzenegger. Mutane na ɗaukarsa fim ɗin faɗa ne kawai, ni kuwa ina ganin ya fi yadda ake zato wayo. Sake kallon wurin da mai tallan kamfanin ke lissafa abin da ke cikin kunshin da za a dasa: zai zama ɗan leƙen asiri, ya samu yarinya, ya kashe miyagu, ya ceci duniya. Abin da ya faru ke nan daki-daki har ƙarshe. Sannan ga likitan da ya zo ɗakin otal da ƙwayar magani yana ce masa duk mafarki ne, ya haɗiye ya farka. Jarumin ya ga ɗigon gumi yana gangarowa a fuskar likitan, ya yanke hukunci tsoro yake ji, ya harbe shi. Ɗigon gumi ɗaya aka ɗora wa dukan tantamar, kuma bai warware komai ba, tunda mafarki ma zai iya ƙirƙiro gumin. Na 2012 da Colin Farrell ya cire Mars, ya ƙara gudu da tsalle, tantamar ta yi rauni.

In kana son ganin fim da ya bi Dick sau da ƙafa, A Scanner Darkly ne. Littafin na 1977, fim ɗin Richard Linklater na 2006. Bob Arctor ɗan sandan ciki ne da ke zaune da 'yan ƙwaya a Kalifoniya. In zai kai rahoto yana saka wata riga mai sauya kamanninsa kowane daƙiƙa, don haka shugabanninsa ma ba su san fuskarsa ba, Fred kawai suka sani. Sai aka ba Fred aikin sa ido kan Bob Arctor. Yana zaune yana kallon faifan gidansa, ƙwayar da yake sha tana raba ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa, har ya manta shi ne mutumin da ke cikin faifan. A littafin akwai wurin da abokan suka taru kan keke mai giya goma, suka ƙirga faifan giya biyu a gaba biyar a baya, suka ce bakwai ne, an cuce su, ba wanda ya tuna ninkawa ake yi. Kana dariya kana jin tausayi, don ka ga yadda ƙwaƙwalwa ke lalacewa a gabanka. Linklater ya ɗauki 'yan wasa na gaske, Keanu Reeves da Robert Downey Jr. da sauransu, sannan aka bi hoton ana zana shi, aikin da ya ci fiye da shekara. Layukan fuska ba sa tsayawa wuri ɗaya, idonka bai taɓa natsuwa ba, kuma haka mutumin yake ji. Sunayen abokan Dick da ƙwaya ta kashe ko ta nakasa, da ya jera a ƙarshen littafin, fim ɗin ya bar su.

Minority Report na Spielberg, 2002, fim ne mai kyau amma ya juya gajeren labarin Dick na 1956 a kansa. A rubuce, John Anderton dattijo ne mai sanƙo da ke tsoron matashin da zai gaje shi, kuma ya aikata kisan da aka hango don tsarin kama masu laifi kafin laifi ya tsira. A fim an rushe tsarin.

Kada ka tsaya kan Dick shi kaɗai. Who Goes There? na John W. Campbell, 1938, labarin masu bincike ne a Antatika da suka tono wata halitta mai kwaikwayon duk wanda ta cinye. Fim ɗin 1951 ya cire kwaikwayon, ya zama dodo kawai yana bin mutane, zargin juna ya tafi. John Carpenter ya dawo da shi a The Thing, wanda ya fito rana ɗaya da Blade Runner, 25 ga Yuni 1982. Maza 12 ne a sansanin. Dabarar gwajin daga littafin take: kowane yanki na halittar yana da ransa, don haka jinin da aka ɗiba zai guje wa zafi. Aka ɗaure mutane, aka tsaga yatsa, jinin kowa a faranti da sunansa, ana gasa waya ana tsomawa ɗaya bayan ɗaya. Jarumin na cikin zargin wani mutum daban jinin wanda ba a zata ba ya yi tsalle. Ban san wurin da aka mayar da zargi abin gani da ido kamar nan ba.

The Body Snatchers na Jack Finney, 1955, ya fi kowanne yawan finafinai: 1956, 1978, 1993 da 2007. Mutane na zuwa wurin likita suna cewa kawuna ba kawuna ba ne, kamanni da murya da tunani duk suna nan, ji ne babu. A littafin halittun sun haƙura sun bar duniya. Na 1956 kamfani ya sa aka ƙara masa farko da ƙarshe masu kwantar da hankali. Na 1978 da Donald Sutherland bai bar wa kowa mafita ba, kuma shi nake ba da shawara.

Ga tsarin da zan ba ka: gajerun labaran nan biyu da aka yi Total Recall da Minority Report da su tukuna, don ka saba da salon Dick, wanda yake rubutu da gaggawa, jimlolinsa wani lokaci ba su da gyara, kada hakan ya kore ka. Sai Androids, sai A Scanner Darkly, kowanne ka karanta kafin ka kalla, domin in fuskar jarumi ta riga ta zauna maka a kai da wuya ka yi zarginsa yadda marubucin yake so. Ubik na 1969 ka bar shi ƙarshe. Har yau ba a yi fim ɗinsa ba duk da an sha yunƙuri, kuma in ka kai inda kuɗin aljihu da sigari suka fara tsufa a hannun masu su, ana rasa wanda ya mutu da wanda ke raye, za ka ga abin da ke ba masu fim wuya.